Lissafin Taku: Abin da Ke Sa Ƙauye Ya Zauna Inda Ya Zauna

Duk wanda ya taɓa leƙen ƙasa ta tagar jirgin sama, ko ya buɗe taswirar tauraron ɗan Adam a waya yana ja da yatsa, zai lura cewa ƙauyuka ba watsa su aka yi kamar tsaba ba. A wani yankin sai ka gan su a jere a gindin tsauni kamar an ja musu igiya. A wani kuma kowanne ya ɗare kan tudunsa, ya bar shimfiɗaɗɗen fili a ƙasa babu ko bukka. Wani wurin ma ga kogi na gudu, ga baƙar ƙasa mai kyau, amma sai an yi tafiya mai nisa kafin a hango hayaƙin gida. Baƙo yakan yi saurin cewa rashin dabara ne. Da wuya hakan ya zama gaskiya, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masana labarin ƙasa sukan kasa maganar gida biyu. Akwai gurbin ƙauye, wato ita kanta ƙasar da gidaje suka taka: tudu ne ko kwari, jigawa ce ko laka, ruwa na kwanciya a kanta ko yana tsanewa. Akwai kuma matsayinsa a tsakanin sauran wurare: ta ina hanya ta bi, ina kasuwa take ci, wane gari ne a kusa, ta ina mahara za su iya ɓullowa. Gurbi ne ke sa a sauke kaya tun farko. Matsayi kuwa shi ke yanke ko ƙauyen zai haɓaka, ko zai tsaya cak, ko zai koma kufai. Gurbi yakan daɗe bai sauya ba, amma matsayi yana iya juyewa a damina ɗaya, in aka gina gada a wani mashigin daban.

Mu fara da gurbi, mu kuma tuna cewa mafi yawan ƙauyukan duniya an kafa su ne tun babu mota babu famfo. Duk abin da gida ke buƙata a ka ake ɗauko shi, ko a bayan dabba. Buƙatun ba su da yawa: ruwa, ƙasar noma, makiyaya, itacen wuta, kayan gini. Matsalar ita ce ba su cika haɗuwa wuri ɗaya ba. Ruwa na kwari, itace na kan tsauni, ƙasa mai kyau tana tsakani. Saboda haka mai neman mazauni wurin da zai fi rage masa taku yake nema. Kuma ba duk taku ne ɗaya ba. Wani masani ɗan Ingila, Michael Chisholm, ya gwada auna wannan a 1962, inda ya ba nisan ruwa maki 10, na gona maki 5, na makiyaya da na itace maki 3 kowanne, na kayan gini kuwa maki 1 kacal. Ana iya jayayya a kan alƙaluman, amma dalilinsu a fili yake. Dutsen gini da katakon rufi sau ɗaya ake jidarsu a shekaru da yawa. Ruwa kullum ne, safe da yamma, rani da damina. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 kilo 20 ke nan, kuma babu gidan da jarka ɗaya ke isa. Ko a yau ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke aiki da shi na taku ne: in zuwa da dawowa, har da bin layi, ya wuce minti 30, ba sa lissafa gidan cikin masu samun ruwa yadda ya kamata.

Wannan ne asirin ƙauyukan nan da ke jere a gindin tudu. Kudancin Ingila na da misalin da ya fi fitowa fili. Tuddan yankin na alli ne, shi kuwa alli yana shanye ruwan sama kamar soso, don haka samansu a bushe yake, babu rafi. Ruwan yakan nutse har ya tarar da laka a ƙarƙashi, wadda ba ta barinsa ya wuce, sai ya bi gefe ya ɓullo a gindin tudun. Inda alli ya haɗu da laka, nan idanun ruwa suke, nan kuma ƙauyukan suka jeru. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yanka iyakokinsu. Ƙasar kowane ƙauye doguwa ce siririya, ta taso daga kwari ta haura har ƙololuwar tudu, ta yadda kowa zai sami rabonsa na komai: makiyayar tumaki a sama, gonaki a tsakiya, fadamar ciyawa a ƙasa. Ƙauye yana son zama inda ƙasa iri biyu suka haɗu, ya ci nan ya ci can. Da zarar mutum ya gane wannan zai riƙa ganinsa ko'ina, a bakin fadama, a gindin dutse, a gefen kurmi.

Inda ruwa ya ƙi zuwa kuma, sai a je a jawo shi. A busassun yankunan Iran, tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, akan haƙa rijiya mai zurfi a gindin tsauni har a tarar da ruwa, sannan a haƙa rami a kwance ta ƙarƙashin ƙasa, mai ɗan gangara, ruwan ya biyo shi da kansa har ya fito fili a can nesa. A kan hanya ana fasa rijiyoyi a jere don fitar da ƙasa da shigar iska. Sunan abin kanat, a Aljeriya foggara, a Oman falaj, kuma a 2016 UNESCO ta sanya guda 11 na Iran cikin kayan tarihin duniya. Ƙauye yakan zauna daidai bakin da ruwan ya fito, tsarinsa ma bin ruwan yake yi: na sha a farko, sai gidaje, sai lambuna, gonaki a ƙarshe. Raunin irin wannan mazauni shi ne ransa na hannun abin da ido ba ya gani. In aka kafa injinan tsotso a kusa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, sai ramin ya ƙafe, ƙauyen ya watse alhali ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba.

Sai dai ruwa aboki ne da ba a kwana ɗaki ɗaya da shi. A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane: a filin da kogi ke malala, sau da yawa wuri mafi tudu shi ne bakin kogin kansa. In ya yi ambaliya, yashi mai nauyi yakan zube nan kusa da gaɓa, laka mai laushi ce ke tafiya nesa. Shekara da shekaru sai gaɓar ta yi doro, bayanta ya zama kwari mai riƙe ruwa. Shi ya sa za ka ga gidaje sun lafe a bakin kogi, wanda bai sani ba ya ce ganganci ne, alhali wanda ya ja baya shi ruwa zai fara ci.

Herodotus, marubucin nan na Girka, ya rubuta tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya cewa in Nilu ya cika, garuruwa kaɗai ake gani a saman ruwa kamar tsibirai a teku. Ƙauyukan Masar a kan tuddai suke, wasu na asali, wasu kuma tarin ɓaraguzan tsofaffin gidajen laka ne da aka yi ta gini a kai. Gidajen a cunkushe, don duk takun da gida ya ci gona ce ta rasa, a ƙasar da kusan kashi 95 cikin 100 na mutanenta ke zaune a kwarin Nilu da bakinsa. Da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970 ambaliyar shekara-shekara ta zama tarihi, sai gine-gine suka sauko daga tudu suka shiga cin gonaki. Ashe ambaliyar da ake gudu ita ce ke gadin gonar.

Inda babu tudu sam, sai a ƙirƙire shi. Mutanen gaɓar tekun arewacin Holan sun soma tara laka da kashin dabbobi tun wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya, suna yin tudun da suke kira terp, su gina gida a kai. Na ƙauyen Hogebeintum, wanda ya fi sauran tsawo, ya kusan kai mita 9. A Bangaladesh har gobe haka ake yi, ramin da aka ɗebi ƙasar kuma shi ke zama kududdufin gida.

Rana ma tana da ta cewa a ƙasashen sanyi. A tsaunukan Alps na Turai gangaren da ya fuskanci kudu shi ke shan hantsi, nan ƙauyuka da gonaki suke, ɗaya ɓangaren an bar wa daji. Ƙauyen Viganella na Italiya, wanda kwari ya rufe, yakan yi kwana 83 a hunturu bai ga ƙwayar rana ba, har sai da aka kafa masa ƙaton madubi a kan tsauni a 2006.

Duk wannan lissafi na mai kwanciyar hankali ne. In tsoro ya shigo shi ke cinye maki, ruwa ma ya koma baya. 'Yan ƙabilar Dogon na Mali sun manna gidajensu da rumbunansu a jikin dutsen Bandiagara, wani ƙaton bango mai tsawon kusan kilomita 150, inda doki ba ya hawa. 'Yan ƙabilar Tofinu na Jamhuriyar Benin suka shige tafkin Nokoué suka kafa Ganvié a kan ginshiƙan itace, don tsere wa masu farautar bayi. A Italiya, daga ƙarni na 10 zuwa na 12, jama'ar karkara sun yi ta tattaruwa a kan tuddai masu ganuwa. Kowannensu ya ji a jikinsa: a hau da ruwa a ka, a sauko gona, kullum ta Allah. A kudancin Italiya har tsakiyar ƙarni na 20 manomi yakan fita da asuba ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya isa gonarsa, kuma ba 'yan fashi kaɗai yake gudu ba, har da sauron kwari. Sai a 1970 aka tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro.

Da dalilin ya gushe, sai gangarowa. 'Yan Dogon da yawa sun sauka fili a ƙarnin da ya wuce. A Kalabriya ta Italiya za ka tarar da gari ɗaya ya zama biyu, tsohon yana kan tsauni da 'yan tsofaffinsa, sabon yana bakin teku kusa da layin dogo, an ƙara wa sunansa kalmar Marina. Amma gangarowar ba ta sauri, kuma wannan ne ke sa karanta mazaunin ƙauye ya yi wuya. Gidaje, maƙabarta, wurin ibada, iyakokin gona, duk suna ɗaure mutum ko bayan dalilin farko ya mutu. Sau da yawa abin da kake gani yau amsa ce ta tambayar da aka daina yi shekaru aru-aru.

Batun kogin da ake gudu kuwa, babu inda ya kai kwarin Volta a Afirka ta Yamma. Wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda yana hayayyafa a ruwa mai gudu, cizonsa yana sa wa mutum tsutsar da ke kawo ƙaiƙayi mai tsanani, daga baya makanta. Ƙauyen da ya fi kusa da kogi shi ya fi yawan makafi, don haka aka yi ta ja da baya, aka bar ƙasa mafi albarka aka cunkushe a tsandauri. Gaba kura baya sayaki, ko yunwa a tudu ko makanta a kwari. A 1974 aka ƙaddamar da shirin yaƙi da cutar a ƙasashe 7, daga baya suka kai 11, ana fesa maganin ƙwari a koguna ta jirgin sama, sannan aka ƙara da rabon maganin ivermectin. Lokacin da aka rufe shirin a 2002, an ƙiyasta cewa ƙasa mai faɗin hekta miliyan 25 ta sake zaunuwa da nomuwa.

To, a ce an zauna. Saura kewaye, wanda a ganina shi ne rabin ƙauyen da ba a ba shi haƙƙinsa. Mai wucewa a mota yakan ɗauka ƙauye ya ƙare a gidan ƙarshe, alhali nan ma ya fara. Harshe kansa ya san da haka, shi ya sa ya bambanta karkara da saura da daji, bai tara su ya kira su fili ba.

Wanda ya fara zayyana wannan a takarda wani manomi ne Bajamushe, Johann Heinrich von Thünen, mai gandu a Tellow da ke arewacin Jamus. Ya shafe shekaru yana rubuta duk abin da ya kashe da abin da ya samu, ya fitar da sakamakon a 1826. Ya ce a ƙaddara gari ɗaya tak a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa iri ɗaya, babu kogi babu tsauni. Kuɗin dako kaɗai zai sa amfanin ƙasar ya kasu zobe-zobe: kusa da gari lambu da madara, don saurin lalacewarsu, sai dajin itace, sai hatsi, can ƙarshe kiwo, tunda dabba da ƙafarta take zuwa kasuwa. Mutane sukan yi mamakin ganin daji a zobe na biyu. Sun manta cewa a zamaninsa itace shi ne makamashi, ga nauyi ga arha, ba ya biyan kuɗin doguwar tafiya.

Shi a kan gari da kasuwarsa yake magana, amma ƙauye da gonakinsa ma haka abin yake, sai dai a nan da gumi ake biya. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita 5 a awa. Ke nan gonar da ke nisan kilomita 4 tana cinye fiye da awa ɗaya da rabi kullum a zuwa da dawowa, kafin a sa fartanya a ƙasa. Ga jidar taki zuwa can, ga jidar amfani zuwa gida, ga gadin tsuntsu da biri da ɓarawo. Saboda haka gonakin bayan gida su ke shan taki da toka da shara, ana nomansu kowace shekara ba hutu. Na gaba da su sai abin da ya rage. Na can nesa kuwa hutu ne takinsu, a noma 'yan shekaru a bar su saura. Manoman Sikotilan na da can suna da wannan rabo sak, gonar ciki da gonar waje, kowacce da sunanta da dokarta.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Albarkar gonar kusa daga dajin nesa aka kwaso ta. Dabba ta yini tana kiwo a daji, ta dawo ta kwana a turke, ta zubar da taki a gida. Itacen da aka saro can ya zama toka nan. Ciyawar rufi in ta ruɓe juji take komawa, juji kuma gona. Kullum ana jan ƙarfin ƙasa daga gefe zuwa tsakiya. Dajin da jami'i zai duba a taswira ya rubuta cewa babu kowa a ciki, shi ne rumbun takin ƙauyen, nan ake samun magani, nan ake komawa a shekarar fari. Yanke wa ƙauye wannan zobe na waje, ko don gandun daji ko don babbar gona, ba a ganin illarsa a shekarar farko, sai an jima gonakin ciki su soma gajiya. Japanawa suna da kalma guda, satoyama, ga wannan yanki na tsakanin gona da tsauni, inda ake sarar itace da kwasar ganye don taki. Da iskar gas da takin zamani suka shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka daina shiga, dajin ya rufe, yanzu aladun daji da birai har bakin gonaki.

Lissafin taku shi ne kuma ke sa ƙauye ya haihu. In jama'a ta ƙaru, gonaki sukan yi ta nisa har tafiyar ta fi aikin. Sai wani ya kafa bukka a gona yana kwana can da damina. Baɗi ya kai rumbu. Wata shekara ya haƙa rijiya ya kai iyali, ƙaninsa ya biyo shi. Tunga ta zama unguwa, unguwa ta zama ƙauye. Tazarar da ke tsakanin ƙauyukan yanki ba ta rasa nasaba da nisan da manomi zai yarda ya taka kullum.

Wani lokaci kuma alƙalamin hukuma ne ke tsara zama. A Kebek ta Kanada, Faransawa sun yanka filaye dogaye sirara, kowanne da ɗan goshinsa a bakin kogin Saint-Laurent don kowa ya sami mashigar jirgin ruwa, gidaje suka jeru a gaɓa kamar carbi. A Amurka kuwa dokar 1785 ta yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, mil 6 a kowane gefe, ta 1862 kuma ta ba da eka 160 ga wanda zai zauna a kai shekara 5. Sharaɗin zama a kan filin ya taimaka wajen hana ƙauye irin na Turai kafuwa a can. Kowa a tsakiyar gonarsa, maƙwabci sai dai a hango shi.

Sai mu koma kan matsayi. Babu ƙauyen da ya ishi kansa. G. William Skinner, Ba'amurken da ya yi bincike a lardin Sichuan na Sin a 1949, ya nuna cewa duniyar manomi ta wuce ƙauyensa, iyakarta kasuwarsa ce: kimanin ƙauyuka 18 da ke kewaye da ƙaramin gari ɗaya, duk a nisan da za a je a dawo a yini. A wannan da'irar ake ciniki, ake neman aure, ake jin labari. Yau hanya ce ta gaji wannan gado. Bankin Duniya yana ƙirga mutanen karkara da ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ake bi rani da damina, kuma a ƙiyasinsa na 2006 kusan mutum biliyan 1 ba su da wannan. Shi ya sa da an shimfiɗa kwalta sai ƙauye ya soma rarrafe zuwa bakinta. Mai shago ya fara, makaranta ta bi, tsohuwar unguwa ta koma ta tsofaffi. Rijiyar burtsatse ta rage wa ruwa makinsa, babur ya gajarta nisan gona, hanya ta haye saman jeri. Sai dai hanyar da ke kawo taki da magani ita ce ke fita da gawayi da samari.

Hukumomi sun sha ganin warwatsuwar ƙauyuka su ce bari su gyara. Hujjarsu ba ta banza ba ce, don ya fi sauƙi a kai makaranta da asibiti da famfo wuri ɗaya da a bi gida-gida a daji. A Tanzaniya, Shugaba Julius Nyerere ya ba da umarni a 1973 cewa kowa ya koma ƙauyen da aka tsara kafin ƙarshen 1976, aka kwashe miliyoyin mutane. Makarantu sun yawaita, wannan ba a musu. Amma da yawa daga cikin sababbin matsugunan a bakin hanya aka jera su don sauƙin jami'i, ba a duba ƙasa ko ruwa ba, gonaki suka yi nisa, dabbobi suka taru wuri ɗaya suka cinye kewayen. A Gana, madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta tashi mutum kusan 80,000 daga ƙauyuka sama da 700, aka zuba su a matsugunai 52. An gina gidaje, amma sharar gonaki ta yi jinkiri, cikin 'yan shekaru da yawansu suka bar gidajen suka nemi bakin sabon tafkin ko wata ƙasar noman. A wuraren biyu kuskuren ɗaya ne, an ɗauke tsakiyar an bar zoben.

Kada kuma a ce duk abin da magabata suka zaɓa daidai ne. Lissafin taku yana da tasa makantar: yana ganin wahalar kullum, ba ya ganin bala'in da ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗari. Ƙasar gindin dutse mai aman wuta tana da albarka, shi ya sa gangaren Merapi a tsibirin Java cike yake da ƙauyuka, aman da ya yi a 2010 kuwa ya kashe sama da mutum 350. Wannan ma ana ganin hayaƙinsa. Mutanen kwarurukan da ke ƙasan tafkin Nyos a Kamaru babu abin da za su gani. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin ya saki iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa, ita kuwa ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari kamar ruwa, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500.

Maganin wannan makanta shi ne tuni, shi kuwa tuni yakan dushe bayan jikoki. Ƙaramin ƙauyen Aneyoshi da ke gaɓar arewa maso gabashin Japan ya sha igiyar ruwa ta tsunami a 1896 da 1933, sau biyun ta kusan ƙarar da mutanensa. Waɗanda suka saura suka koma tudu, aka kafa dutse a gefen hanya da rubutun gargaɗi kada wani ya yi gini ƙasa da nan. Da ruwa suke cin abinci, ke nan sun ɗora wa kansu hawa da sauka na kullum zuwa bakin teku. A 2011 ruwan ya hauro kwarin, ya tsaya bai kai dutsen ba. A gaɓar nan akwai irin waɗannan duwatsu da yawa, wasu an yi gini a ƙasansu.

Yanzu kuma ƙasar da aka aza tsohon lissafin a kai ita kanta tana motsi, don ɗumamar yanayi tana narkar da ƙanƙarar da ke riƙe da duwatsun Alps. Ƙauyen Blatten ya shafe ƙarnuka a kwarin Lötschental na Suwizalan. A watan Mayun 2025 aka lura tsaunin da ke samansa yana tsagewa, aka kwashe mazauna kusan 300 da dabbobinsu. Ranar 28 ga watan, duwatsun da suka zube a kan tulin ƙanƙarar Birch suka rinjaye shi, ya ɓalle ya binne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen. Ɓaraguzan suka toshe kogin Lonza, ruwa ya ci da dama daga gidajen da suka rage. Mutum ɗaya ya rasu. Hukumar ƙauyen ta ce za a sake gina shi. Kwarin kuwa matsattse ne, tsauni hagu tsauni dama, don haka aikin farko bayan bala'in ya zama zana sabuwar taswirar haɗari, a ga wane gangare ne ya rage da za a iya aza harsashi a kai.